Jan Tsumma a Bakin Rudu

Layin 'Yan Waya,
Kasuwar Jega,
5 ga Mayu.

Zuwa ga Mardiyyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da nauyin da kike ɗauke da shi. Yaya ƙafafun, sun sace ko har yanzu takalmin ya ƙi shiga? Ki gaishe mini da Inna da Baba cikin girmamawa, ki ce zafin wagga shekara ya sa kullum ina tuna inuwar ɗorawar ƙofar gidansu.

Na san za ki yi dariya, mai gyaran waya yana aiko takarda ta hannun Ya'ƙub direba. To mi zan yi? Tun da kinka koma Maiyama goyon ciki, duk kiran da na yi sai in ji numfashin Inna kusa da wayar, ke kuwa kunyar cikin fari ta hana ki cewa komai sai "i" da "to". Takarda aƙalla ba ta da lasifika.

Albishirinki. Aikin nan da ya hana ni cin tuwonki da zafi har wata bakwai ya yi. Kin sha tambayata mi nike nema gaban waccan tsohuwar sabar, babbar kwamfutar nan mai ƙara kamar injin markaɗe. Bari in faɗa miki a hausar kasuwa. Kwamfuta ɗaya gare ni mai ƙarfi, masu koyo kuwa goma sha biyu, rabinsu daga Aliero suke zuwa. Akwai manhajar da ke tsaga kwamfuta ɗaya ta zama ɗakuna, kowane ɗaki ya ɗauka shi kwamfuta ne mai zaman kansa. Ni fatoma nike ce mata, don aikinta ke nan, ta sauke baƙi, ta riƙe mabuɗai. Su kuwa masu koyon nan aikin fatoman sunka zo koya, dole kowa ya kafa nasa ƙaramin fatoma cikin ɗakinsa, shi ma ya sauke nasa baƙin. Fatoma cikin fatoma. Nan tafiya ke lalacewa. Baƙon can ƙurya ko ruwan alwala yake so sai ya ƙwanƙwasa wa ƙaramin fatoma. Shi ba shi da mabuɗi, sai ya tafi wurin babba. Babban kuma mai ƙa'idar tsiya ne, sai ya ɗauko takardar bayanin baƙon, gurbi fiye da ɗari, ya karanta tun daga farko, ya kwafe kaf, sannan ya buɗe ƙofa. Haka sau dubbai cikin daƙiƙa guda. Kafin kwamfutar ƙurya ta tashi an yi minti ashirin da shida, batirin sola ya fara kuka, masu koyo sun fita shan fura.

Maganin a gonar mahaifina na same shi, Allah ya jiƙan shi. Rudun albasa, rumbun nan da ake adana ta ciki a rufe da ciyawa, goma sha takwas gare shi a Dangamaji, kuma ban taɓa ganin ya yaye ciyawar kowane rudu kullum yana neman ruɓaɓɓiya ba. Duk rudun da anka taɓa, ko anka ɗiba, ko ruwa ya ɗiga mishi, sai a ɗaura jan tsumma a bakinsa. Da safe inda tsumma yake nan kaɗai ake buɗewa. Shi ne na raba waccan takarda kashi goma sha shida, na ba kowane kashi tsummansa. Ƙaramin fatoma in ya taɓa wuri ya ɗaura alama, babba ya karanta nan kawai. Mardiyya, daga minti ashirin da shida mun dawo sha huɗu. Sau arba'in na gwada don kada idona ya yaudare ni.

Manhajar ta jama'a ce. Mutane daga ƙasashe ke gina ta, suna da zaure na imel inda kowa ke kai gyaransa, dattawansu su duba, in ya yi su saka shi da sunan mai shi. Kuma suna in ya shiga can ba ya fita, ko bayan ran mutum.

Jiya na hau mashin zuwa Aliero na kai wa Yayanki Ridwan aikin a filashi, can makarantar da yake aiki. Kin san shi ya fara koya mini wanga rubutu na manhaja tun ina lallaɓa wayoyi da buroshin haƙori, tun kafin in san yana da ƙanwa mai wushirya. Turanci kuma nasa ne, nawa ɗingishi yake. Munka shirya shi zai rubuta bayani ya aika da sunanmu mu biyu, har shi da bakinsa ya ce nawa ne zai zo gaba. Na dai ce ya dakata mini sati biyu, saura wani ɗan guntu da ya shafi ƙaura daga wata sabar zuwa wata, yana cikin kaina ban rubuta ba. Ya saya mini gasasshiyar zabuwa, munka ci har da ƙashi.

Kin tuna ranar da na kai ki gida na ce gaban Baba da Inna in namiji ne sunan Ridwan zai ci? Jiya a kan hanyar dawowa na ji daɗin bakina.

Ga mangwaro da sabulun da kinka ce, suna hannun Ya'ƙub. Ki ƙirga mangwaron, na san shi.

Naki,
Dalhatu.

Jega,
19 ga Mayu.

Mardiyya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jikin da sauƙi, kuma ungozomar ta ce komai daidai. A gaishe da Inna da Baba. Wagga takarda ki karanta ta ke kaɗai, sannan ki sa ta ƙarƙashin akwati.

Ranar Talata da safe ina shan koko ina duba zauren nan na imel kamar yadda na saba, sai na ci karo da aikina. Na gane shi tun kafin in karanta, yadda za ki gane zanenki a jikin wata. Kashi goma sha shida. Ashirin da shida zuwa sha huɗu. Gwaji arba'in. An aika shi kwana uku bayan zabuwa, dattawan sun duba, sun yaba, sun saka. Na gangara wurin suna. Ridwan, shi kaɗai. Na sake gangarawa ko na faɗa can ƙasa inda ake godiya. Babu. Har an rubuta wai an yi gwajin a ɗakin bincikensa na Aliero. Ɗakin da na sani, tebur ne da fanka da kalanda.

Kokon nan a nan ya huce.

Ban kira shi ba. Shekara goma sha biyar ina kasuwa, na san mutum a waya yana da ƙofar gudu, sai ya ce sabis. Na hau mashin na same shi a ofis da abokan aikinsa biyu suna taya shi murna, don ashe wani kamfani na ƙasar waje ya ga aikin ya kira shi ganawa, aiki daga gida, albashi da kuɗinsu na can. Da ya gan ni fuskarsa ta yi abin da fuskar mai sayar da jabun caja ke yi in ya hango wanda ya saya jiya. Amma ya dake. Ya gabatar da ni gare su, ya ce ga mijin ƙanwarsa, mai gyaran waya a Jega, wanda ke ɗan taimaka mishi da kunna na'ura in za a yi gwaji. Sunka ba ni hannu, ɗayansu har ya miƙo mini wayarsa wai ba ta caji.

Na duba mishi. Datti ne a bakin.

Da sunka fita ya rufe ƙofa ya fara zuba. Wai mutanen can ba su yarda da wanda ba shi da adireshin makaranta, wai suna biyu na kawo tambayoyi, wai in sunka tambaye ni da Turanci mi zan ce, wai ai duk gida ɗaya ne, in ya samu na samu, in ya hau zai jawo ni. Mardiyya, ni ma na san wagga magana. Na sha faɗa wa baƙauye irinta in ina son ya bar mini tsohuwar wayarsa a ƙaramin kuɗi. Bambancin, ni ban taɓa cin zabuwa da baƙauyen ba tukuna.

Na tambaye shi abu ɗaya, ko ya tuna na ce a dakata. Ya ce dama ba ta jira, kuma ya gwada da kansa komai lafiya lau. Na ce to madalla. Na tashi. Ya bi ni har bakin mashin yana cewa in ɗauki zancen da hankali, kada in sa shi a rai, kada kuma ya kai Maiyama saboda halin da kike ciki. Ki ji fa. Shi ne mai tausayinki.

Na daɗe ina shawara ko in rubuta miki. Ɗan'uwanki ne, ciki ɗaya, shi ya goya ki zuwa makaranta, na sani. Ba ina neman ki zaɓa ba ne. Amma in na ɓoye miki, duk duniya babu wanda ya san wata bakwai ɗin nan nawa ne sai ni da tsohuwar sabar, ita kuwa ba ta shaida. Ke kin ga dawowata da jajayen idanu. Ke kin ji ni ina zancen tsumma ni kaɗai a bakin rijiya har kinka ce ko a nemo mini rubutu. Ina son mutum ɗaya ya sani.

Kada ki faɗa wa Inna. Ki ci abinci.

Mijinki,
Dalhatu.

Jega,
1 ga Yuni.

Mardiyyata,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na gode da kinka ce kin sani. Na kuma ga inda biro ya tsaya ya yi ɗigo kafin ki rubuta "ka yi haƙuri da shi". Ban ji haushi ba. Yaya bayan, yana barin ki barci? An yi ruwan fari nan shekaranjiya, rufin shagon ya nuna mini duk inda kafinta ya cuce ni. Ina gaida su Baba.

To, ƙaura ta zo.

Wani mutum a wata ƙasa mai sanyi ya ɗauki kwamfutar da ke cikin aiki, da ƙaramin fatomanta da baƙinta, ya mai da ta daga wata sabar zuwa wata ba tare da ya kashe ta ba. Abin da manyan kamfanoni ke yi ke nan kullum. Da isarta baƙin ƙurya sunka zube. Ya sake, sunka sake zubewa. Ya bi sawu har ya iske ɓarnar a gyaran Injiniya Ridwan. Dattawan zauren sunka ce a gyara cikin sati guda ko su cire aikin dungurungum. Kamfanin da ke shirin ɗaukarsa kuma yana zaune a zauren yana kallo.

Shi ne guntun da na ce a jira. Mahaifina in za a kwashe albasa daga gona a kai sabon rudu a gida, ba ya kallon tsumma ko ɗaya. Yakan ce rudun da ba shi da tsumma lafiyarsa a idon wanda ya duba shi jiya take, sabon mai tsaro kuwa bai ga jiya ba. Ranar ƙaura kowane rudu sai a ɗaura mishi ja, a zazzage duka, a duba ɗaya bayan ɗaya, sannan a koma al'ada. Haka sabon babban fatoma. Ya iske babu alama, ya ɗauka ya riga ya karanta takardar, alhali bai taɓa ganinta ba, sai ya buɗe wa baƙo ƙofar da babu ɗaki bayanta. Ridwan ya san littafi, amma gidanku gero kuke nomawa. Bai taɓa kwasar albasa ba.

Ranar Alhamis sai ga shi a shagona da ƙullin kilishi. Shekara shida rabonsa da zama kan bencin nan, kullum daga kan mashin yake gaisawa. Ya zauna. Ya yabi fentin. Ya tambayi lafiyar sabar kamar surukarsa. Da ya gama kewaye ya ce in ba shi guntun, zai sa a rubuta godiya gare ni a ƙasa. Na ce wane ni, ni da ke kunna na'ura? Na ce in wayarsa ce ba ta caji ya kawo. Allah ya yafe mini, na ji daɗin wannan, amma daɗin bai kai ni la'asar ba.

Na jira in ji ya ce zai koma zauren ya faɗi gaskiya. Kalma ɗaya ce, Mardiyya. Na ba shi hanya sau biyu, har na yi shiru mai tsawo irin wanda nike yi wa mai saye don ya ƙara da kansa. Bai ƙara ba. Godiya a ƙasa, nan farashinsa ya tsaya.

Abin da ya fi ƙona ni ya zo jiya. Ya'ƙub ya tsaya ƙofar shago ya ce Inna ta ce a gaishe ni, kuma in taimaki ɗan'uwana da ɗan abin da ya roƙa, kada in zama mai riƙo. Wato wanda ya ce kada zance ya kai Maiyama shi ya kai shi, ya kuma kai rabin da ya yi mishi daɗi. Yanzu a idon Inna ni ne mai ƙyashi.

Na san abin da mutanen kasuwa za su ce in sun ji: Dalhatu ai da gangan ya riƙe guntun, ya san halin duniya. Ke ma wataƙila ya ɗarsu a ranki, don kin san ban taɓa nuna wa mai ciniki gindin buhu ba. Wallahi ba haka ba ne. Da na riga na rubuta shi da yana cikin filashin nan. Sau ɗaya a rayuwata na juye wa mutum buhu har ƙasa ban bar ko ƙwaya ba. Da wayona ne ya cece ni da na yi alfahari. Jinkiri ne kawai.

Saura kwana uku wa'adinsu ya cika. Ban san abin da zan yi ba tukuna. In naƙuda ta taso a kira ni ko wane lokaci ne, ko Inna na fushi.

Naki har kullum,
Dalhatu.

Jega,
10 ga Yuni.

Zuwa ga maijego,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa. Minti goma da anka bar ni na leƙa ku bai ishe ni ba, ga mata cike da ɗaki, ga ki kin juya fuska bango wai kunya. Na dai ga hancin. Nawa ne, kada kowa ya yi gardama, wannan aƙalla ba a aika shi da sunan wani ba. Yaya ruwan zafin? Ki daure. A gaishe da Inna, da Baba, da Gwaggo Kubura mai wanka.

Ga yadda ta ƙare. Ana saura kwana ɗaya na zauna bayan azahar na rubuta guntun. Layi talatin da ɗaya ne kacal. Na aro sabar ta biyu wurin Kalilu mai shagon buga takardu, na yi ƙaura sau ashirin tsakanin shagona da nasa, baƙo ko ɗaya bai faɗi ba. Sannan na aika zauren da kaina, da Turancina mai ɗingishi, na sa Dalhatu Jega. Babu wanda ya tambaye ni adireshin makaranta. Babu wanda ya yi dariyar Turancin. Wata dattijuwa cikinsu ta gyara mini kalma biyu, ta ce aikin ya yi, ta tambaye ni yadda anka yi na gano ciwon da sauri haka alhali mai aikin ya kwana shida yana lalube.

Nan na daɗe da yatsa kan madanni. Ina da hotunan allon sabar da kwanan wata tun Nuwamba. Ina da littafin da na zana kashi goma sha shidan. Da na tura su, da aikin kamfani ya tashi, da sunan Yayanki ya ɓaci a zauren da ba a share komai. Na tuna ke kina kwance kina jiran haihuwa a gidan da shi ne abin alfaharinsu. Sai na ba ta labarin rudu da jan tsumma da ranar ƙaura, na tsaya nan. Ta ce ba ta taɓa jin an bayyana abin da kyau haka ba. Ko ta gane sauran, ko ba ta gane ba, ban sani ba. Mai hankali ce dai.

An saka layi talatin da ɗaya da sunana. Layi ɗari huɗu na wata bakwai suna nan da nasa, kuma haka za su zauna. Gyarana ya tsayar da aikinsa, kamfanin ya ɗauke shi ranar Litinin. Ya turo mini saƙo, kalma biyu da hoton babban yatsa. Ya'ƙub kuma ya ce ya ji shi a tashar Aliero yana faɗa wa mutane yaron da ya koyar ne ya ƙarasa ɗan abin da ya rage, ƙarƙashin kulawarsa. Na girme shi da wata biyar.

Kada ki ce na yafe. Ban yafe ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na yafe don ki ji sanyi ba. Na dai ƙi rushe gidanku ne.

Saura zancen jibi. Rago na nan na saya wurin Fulanin Fagada, goro da dabino za su zo da Ya'ƙub gobe. Kin aiko a tambaye ni a asirce wane suna za a raɗa, kin ce in na canza ba za ki ga laifina ba, za ki san abin da za ki faɗa wa Baba. Na gode. Na kwana biyu ina juya Umar Faruk a bakina, ya kuma yi mini daɗi.

Amma na faɗa gaban Baba da Inna, ba wanda ya tilasta ni. A gaya wa liman Ridwan ne. Ni ban iya cire suna daga inda na ce zan sa shi ba. Ina son Yayanki ya zauna cikin jama'a ya ji an raɗa, ya shafa fatiha, ya san na san abin da ya yi kuma ga abin da ni na yi.

Alfarma biyu nike roƙo. Ki nema wa yaron sunan da za mu riƙa kiransa a gida, ko wane ne kinka zaɓa na karɓa, don bakina ba zai iya kiran wancan da daɗi ba yanzu, kuma ba na son ɗana ya ji ɗaci a muryata ya ɗauka nasa ne. Na biyu, ki ce wa Gwaggo Kubura ta sa a shimfiɗa mini tabarma ta daban, can wajen ɗorawa.

In ya yi wayo zan kai shi Dangamaji ya koyi kwasar albasa.

Ki shafa mini kansa.

Mijinki,
Dalhatu Jega.